Masu shuɗin idon nan na Game of Thrones: aljanu ne ko fatalwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko halittun ƙanƙarar nan da mu masu kallon fassarar Faransanci muka sani da Marcheurs blancs aljanu ne ko fatalwa, kuma me ya sa wuta take cin wasunsu ta ƙyale wasu. Na kalli shirin sau biyu a nan Garwa, zango takwas, kashi 73, kuma sai a kallo na biyu na gane cewa iri biyu ne muke haɗawa muna kiransu da suna ɗaya.

Akwai gawawwakin da aka tayar, waɗanda ba su da kurwa balle tunani. Su ne dubban nan masu ruɓaɓɓen jiki da suke kwararowa kamar fari, kuma su ne wuta take cinyewa. Sannan akwai iyayen gijinsu, 'yan kaɗan masu farin gashi da fatar ƙanƙara, masu tafiya a natse, waɗanda wuta ke dusashewa idan sun doso ta. A zango na 7, kashi na 6, Jon Snow ya sare ɗaya daga cikinsu, nan take gawawwakin da ke tare da shi suka zube, sai guda ɗaya tak. Ma'ana kowace gawa tana rataye ne da wanda ya tayar da ita.

A fahimtarmu aljani halitta ce daban tun asali, fatalwa kuma mamaci ne da ake cewa ya dawo yana yawo. Iyayen gijin nan ba su shiga ko ɗaya ba, domin mutane ne da aka juya da ransu. A zango na 6, kashi na 5, Bran ya ga yadda 'Ya'yan Daji, ƙananan halittun da suka riga ɗan Adam zama a Westeros, nahiyar da yawancin labarin ke faruwa, suka ɗaure wani mutum a jikin bishiya, suka cusa masa baƙin dutsen nan mai kaifi da aman wuta ke bari a ƙirji, idonsa ya rikiɗe ya zama shuɗi. Shi ne Sarkin Dare, shugabansu. Da Bran ya nemi dalili, sai aka ce masa yaƙi ake yi, Mutanen Farko, wato 'yan Adam da suka fara shigowa Westeros, suna kashe 'Ya'yan Daji suna sare bishiyoyinsu masu tsarki. Makami suka ƙera don kare kai, makamin ya fi ƙarfinsu, kamar mai kiwon kura da ta wayi gari ba ta san mai gidanta ba. Yadda suke ƙaruwa ma an nuna shi a zango na 4: jaririn wani mutum mai suna Craster aka kai can ƙuryar arewa, Sarkin Dare ya taɓa kumatunsa da farce, shi ke nan.

Abu biyu kawai aka nuna suna kashe su. Ɗaya shi ne wannan baƙin dutsen da aka yi su da shi, wanda Sam ya soka wa ɗayansu a zango na 3 ya farfashe kamar tangaran. Ɗayan kuma ƙarfen Valyria ne, irin takobin Jon a yaƙin Hardhome. Ko wutar dodon Daenerys ba ta yi wa Sarkin Dare komai ba.

Wannan kashi na 3 a zango na 8 ba zan manta da shi ba. Ƙarshen Afrilun 2019 ne, zafin Garwa ya kai inda tabarma ke ƙona baya, mu biyar muka duƙufa a kan kwamfuta ɗaya a zaure, muka rataya bargo a ƙofa saboda duhun hoton ya yi yawa, gumi na zuba muna kallon dusar ƙanƙara. Da Arya ta soke Sarkin Dare, rundunar duka ta zube, wani abokina ya ture kofin shayinsa ya ce an cuce mu. Na yarda da shi rabi da rabi. Faɗuwar rundunar ta yi daidai da ƙa'idar da aka kafa tun zango na 7, a nan ba su yi ha'inci ba. Inda suka gaza shi ne manufa: shekara takwas ana tsorata mu da abin da aka gina katangar ƙanƙara ta sama da mita 200 dominsa, ana nuna mana zanen nan mai murɗewa da suke jerawa da sassan gawa, amma duk bayanin da muka samu shi ne 'yan jimlolin Bran cewa dare marar ƙarewa Sarkin Dare yake so, ya shafe duniya da tarihinta. Shi kansa Sarkin Daren bai taɓa furta kalma ɗaya ba.

Idan kuma littattafan George R. R. Martin kake shirin nema don ƙarin haske, ka sani cewa guda biyar ne suka fito, na farko a 1996, na biyar a 2011, kuma a cikinsu ba a bayyana asalin waɗannan halittu ba tukuna. Labarin mutumin da aka ɗaure a bishiya a talabijin kaɗai za ka same shi.