Amsa ga 'yar'uwar da Babanta ya kamu da sauraron sojojin baka

Assalamu alaikum. Baiwar Allah da kika ɓoye sunanki, kin ce Babanku ba ya rabuwa da rediyo da sautukan WhatsApp, kullum zancensa ƙasa ta tafi, an gama da Arewa, za a raba yara da addini, har ya ce ƙanwarki ba za ta koma jami'a ba, kina tambaya ko ki ɗauke masa wayar. Wallahi ina karantawa gabana na faɗuwa, don gidanmu kika zana. Kada ki taɓa wayar nan. Na fara da wannan ne kafin zuciya ta ɗebe ni.

Namu Baban tsohon hedimasta ne, a nan cikin garin Bauchi. A da BBC da DW kawai yake ji, ya kashe ya tafi masallaci. Abin ya faro lokacin canjin kuɗi, farkon 2023, da yake wuni a layin banki, fanshonsa na cikin asusu amma ya gagara fita. Sai ga 29 ga Mayu, aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 kafin sati ya zagayo, babur ɗinsa ya koma jingine a zaure. To ki sani, tsoron da tsofaffin nan suke ji ba ƙarya ba ne. Mutumin da ya ga zamanin da albashin malami ke riƙe gida, ya wayi gari jikokinsa na kallon abin da ba ya iya faɗa da baki a waya, 'yan sara-suka na tare lungu da magariba, in ya ce ƙasa ta lalace me za ki ce masa? Ni matsalata da wanda ya mayar da wannan tsoron abincinsa ne.

Ba zan kama sunansa ba, kun san irinsu. Ya sayi filin rabin awa, ya buɗe da salati, ya sa muryar kuka yana "talaka bawan Allah", ya rufe da cewa nan da shekara biyu ba za mu gane ƙasar nan ba. Washegari a yanka sautin a watsa a guruf. Baba ba ya kiransa sai "yaron nan mai gaskiya". Ranar da ya ce an matsa masa lamba, kuɗin fili ya gagare shi, Baba ya zari kuɗi daga fansho ya aika masa, a watan da Inna take auna shinkafa da gwangwanin madara. Ni na gani da idona, an naɗe kuɗin a takardar littafin rubutu, Baba ya rubuta "fi sabilillahi" a kai da jan biro irin na makin jarrabawa.

Sai Yulin 2024 ya zo da zancen yarjejeniyar Samoa. Kowa a nan ya tuna yadda aka ce gwamnati ta sa hannu a halasta auren jinsi don a ba ta kuɗi. Yarjejeniya ce tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, gwamnati ta fito ta ce babu wannan sharaɗin a ciki, dokar da Jonathan ya sa wa hannu a 2014 mai ɗaurin shekara 14 tana nan daram. Jaridar da ta fara buga labarin ma, bayan 'yan watanni ta fito ta ba da haƙuri. Mutuminmu fa? Sati guda yana kai, ya ƙara gishiri da cewa ta jami'o'i za a fara, 'yan mata za a fara koya wa. Gyara kuwa ko sau ɗaya bai yi ba har yau.

Daren da ba na mantawa, ƙanwata ta gama haɗa jakarta za ta koma makaranta da safe. Baba ya shigo bayan isha, rediyo a hannu tana ta magana, ya ɗauki jakar ya wurga tsakar gida, zif ya ɓalle, littattafai da garin kwaki suka watse a ƙasa. Na ce Baba a yi haƙuri a bincika tukuna. Ya juyo ya dube ni, mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba tun ina yarinya, ya ce, "Ke ma an saye ki." A gaban yarana. Inna ta riƙe bakin ƙofa ta kasa motsi. Har yanzu in na tuna sai in ji abu ya tokare min wuya. Da asuba wajen alwala ya faɗi, buta a hannu. Hawan jini, bakinsa ya karkace, hannun hagu ya saki. Muna asibiti wayarsa na ta ƙara a aljihun rigarsa, sababbin sautukan mutumin nan ne ke shigowa ɗaya bayan ɗaya.

An aika masa cewa dattijon nan da ke taimaka masa yana kwance. Ko gaisuwa bai aiko ba. Kafin shekara ta zagayo ya sauya sheƙa, ga sabuwar mota, shirin ya koma "a yi haƙuri, gyara ake yi". Na gamu da shi a wani ɗaurin aure wajen Wunti, yana fitowa ana ta "ranka ya daɗe". Na tare shi na faɗa masa ko ni 'yar wace ce. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, siyasa ce ai, kowa da inda yake ci." Ya miƙo min dubu biyu wai a saya wa Baba lemo. Na bar hannunsa a miƙe. Ban yafe ba, kuma kada wata ta zo min da wa'azi a ƙasa, na san abin da na faɗa.

Mu a Bauchi ma bai kamata a riƙa cin mu da wannan ba. Isa Yuguda ya ci zaɓen 2007 a ANPP, 2009 ya koma PDP, masu ihun nan da yawansu suka bi shi da bakinsu. Kuma mun ga ƙarshen zafin baki a rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, inda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 suka mutu a Arewa cikin kwana uku, har da 'yan bautar ƙasa a jiharmu. Maigidana, da yake bin labaran waje, ya ce a Amurka ma haka tsofaffinsu ke kwana gaban talabijin ana ce musu ƙasa ta faɗa hannun maƙiya. Tashar Fox News sai da ta biya kamfanin Dominion mai ƙera na'urorin zaɓe dala miliyan 787 a 2023 kan zargin maguɗin zaɓen 2020, bayan takardun kotu sun nuna wasu masu sharhin nata ba su yarda da abin da ake faɗa a tashar ba. Can aƙalla an biya. Nan wa zai biya mu hannun Baba?

Na yi nisa, ki yi haƙuri. Kada ki ce masa "ƙarya ne", sai ya ji kamar shi kika ƙaryata. Ki zauna ki saurara tare da shi, in an gama ki ce, "Baba, wa ya biya masa kuɗin filin nan?" ki yi shiru. Tsohon ma'aikaci ne, ya san babu mai ba da rabin awa kyauta. Ki kai shi a auna jininsa, gobe ba jibi ba, ko a kemis ne. Mu bayan namu Baban ya samu sauƙi yaran unguwa muka tara masa a zaure yana koya musu lissafi bayan la'asar, daidai lokacin shirin, kuma ɗana ya kashe abin da ke sa sautuka sauka da kansu. Yana jin labarai har yanzu, yana faɗan tsadar rayuwa, muna taya shi, don gaskiya ce.

Zancen ƙanwarki shi ne na gaggawa, kuma ba bakinki ne zai gyara shi ba. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayarsa in tana raye, ko limamin unguwa, ko abokin da suka yi aiki tare. Mu Gwaggo ce ta taso daga Azare ta ce masa ita aka hana karatu, ba za a maimaita a kan idonta ba. Ki duba ranar rufe rajista tun yau, in da hali ku haɗa kuɗin ku biya a ajiye takardar kafin a gama lallashi. Tamu zango guda ta rasa, sai da ta maimaita shekara.