Rodina yana tsatsa, ɗan kwangila na zargina: in sa jari a rodi mai fenti?

Wani bawan Allah mai sayar da kayan gini ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam ina sayar da rodi da siminti. Rodin da ke fili da zarar ruwan sama ya dake shi sai ya yi ja, masu saye su ce sai na rage musu. Yanzu kuma wani ɗan kwangila da ya sayi rodi wajena shekara 4 da suka wuce ya dawo yana cewa pilolin gidan da ya gina sun tsage tsatsa na fitowa, wai rodina ne ba shi da kyau. Ina tunanin in kwashe rabin jarina in sayo rodi mai fenti wanda aka ce ba ya tsatsa. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maganar gaskiya kar ka taɓa rabin jarin nan tukuna, bari in faɗa maka dalili, don matsala biyu ce ka haɗa wuri ɗaya kuma kowacce maganinta daban.

Na farko ka sani rodi a cikin kankare mai kyau ba fenti ne ke kare shi ba, kankaren da kansa ne. Siminti idan ya haɗu da ruwa yana zama mai kaifi sosai, a ma'aunin pH, wato ma'aunin da ake auna irin wannan kaifin da shi, yana kai 12.5 zuwa 13 da wani abu, wannan kaifin ne ke sa wata 'yar fata siririya da ido ba ya gani ta lulluɓe ƙarfen ta hana shi tsatsa. Abu biyu ne ke lalata fatar nan. Ɗaya iskar kabon da ke cikin iska, tana shiga kankare a hankali shekara da shekaru tana kashe kaifin har ya sauko wajen 9, daga nan kariya ta tafi. Ɗayan kuma gishiri, ko daga iskar teku, ko yashin da aka ɗebo bakin teku ba a wanke ba, ko ruwa mai gishiri da aka yi kwaɓi da shi. Da zarar tsatsa ta kama, tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci sau biyu har sau shida, to ina za ta je? Sai ta tura kankaren waje, ka ga tsaga ta miƙe daidai layin rodin, jan ruwa na zubowa, in ka ƙwanƙwasa da guduma ka ji yana ƙara kamar ganga, kafin ka ankara ɓawon ya faɗo.

Yanzu koma kan ɗan kwangilarka. Ginin da ya fara wannan a shekara 4, zargina na farko ba kan rodi yake ba, kan kaurin kankaren da ya rufe rodin yake. Dokar gini ta Amurka, ACI 318, ta ce kankaren da aka zuba kai tsaye a jikin ƙasa kamar fandesho ya rufe rodi da milimita 75, pila da bim na cikin gida milimita 40, dakin, wato rufin kankare, na ciki milimita 20, wanda ke shan rana da ruwa kuma 40 zuwa 50. Na taɓa tsayawa a wani wajen aiki ana shirin zuba dakin, ragar rodin a kwance take kan katako ba abin da ya ɗaga ta ko ɗaya, leburori na takawa da baro, mai kwaɓi kuma sai ƙara ruwa yake don kankaren ya yi saurin gudu, wallahi raina ya ɓaci don na san mai gidan zai biya kuɗin wannan ranar nan gaba. Ruwan da ya yi yawa idan ya bushe ƙananan ramuka yake bari, su ne hanyar da iska da gishiri ke bi. Shi ya sa a wurin da ke da gishiri injiniyoyi ke cewa ruwa kar ya wuce kashi 40 cikin 100 na nauyin siminti, wato buhu mai kilo 50 ruwansa lita 20, sannan a girgiza kankaren ya zauna, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7.

Don haka kar ka yi rigima da shi kuma kar ka yi saurin cewa za ka biya. Ka ce masa ku samo injiniyan da ba naka ba ba nasa ba, a fasa gefen pila ɗaya a sa tef a auna nisan rodin daga waje. Akwai wani ruwan gwaji mai suna fenolftalin, ana fesa shi kan sabon fashin, inda kankare ke da lafiya sai ya yi jaja-jaja mai haske, inda iska ta riga ta cinye ba ya canza kala. In aka samu rodin yana leƙe a milimita 10, magana ta ƙare ba sai ka ce komai ba. Amma fa ka shirya zuciyarka, in aka yanko guntu aka auna aka ga bai cika kauri ba to wannan naka ne kai da wanda ya sayar maka, sai ka tsaya ka gyara.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake so ka riƙe a shago. Rodi mai milimita 12 nauyin mita ɗaya kilo 0.888 ne, sanda mai mita 12 kenan kusan kilo 10.7. Mai milimita 16 kilo 1.58 a mita, mai 10 kuma 0.617. Lissafin ba wuya, ka ninka kaurin da kansa ka raba da 162. Duk motar da ta sauke maka kaya ka zaro sanduna kaɗan ka ɗora a sikeli, ka karɓi takardar gwajin kamfani ta wannan lodin ka adana, kuma a rasit ɗin kowane mai saye ka rubuta girma da kamfani da rana. Da kana da wannan takardar ta shekara 4 baya da yanzu barcinka kake.

Sai maganar jan rodi a fili. Tsatsar sama-sama wadda in ka goge da burushin waya take fita ƙarfen na nan da zanensa, ba ta da illa, ƙa'idojin rodi ma sun yarda da ita muddin nauyi da kauri ba su ragu ba. Wadda ke da illa ita ce mai ɓarewa kamar ɓawo, mai barin ramuka. Dan Allah kar ka yarda da masu cewa ka shafa baƙin mai ko giris don ya yi ƙyalli, mai yana hana kankare kama rodi, ka ga ka gyara kasuwa ka ɓata gini kenan. Abin da za ka yi mai sauƙi ne, ka ɗaga rodin daga ƙasa kan katako ko bulo, tsakiya ma a tokare kar ya lanƙwashe ya taɓa laka, ka yi rumfar kwano, in tampol ne kar ka naɗe shi ruf don zufa na taruwa a ciki ta fi ruwan sama ɓarna, a bar iska na ratsawa. Kuma wanda ya fara shigowa shi zai fara fita, yaran shago sun fi son ɗaukar na sama sabo su bar tsohon a ƙasa yana ruɓewa, sai ka sa ido.

To rodi mai fenti fa? Na gaske ne, sunan fentin efoksi, an fara amfani da shi a wata gada a jihar Pensilbaniya ta Amurka a 1973. Amma ba tsafi ba ne, a shekarun 1980 an samu gadojin tsibiran Fulorida ta Amurka da aka yi da shi sun fara tsatsa ba su ma daɗe ba, domin duk inda fentin ya kwarzane wajen lodi ko lanƙwasawa nan gishiri ke samun ƙofa. Yana son igiyar ɗauka mai laushi, ba a jan sa a ƙasa, ba a barin sa a rana ya wuce wata 2 ba rufi. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, yaranka da direbobin da ke jefo rodi daga mota za su iya wannan lallaɓawar? Akwai kuma mai rufin zink, akwai na zaren gilashi, akwai na sitenles, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, wanda shi ne sarkinsu, wata doguwar gadar jiragen ruwa a Progreso ta ƙasar Meziko da aka gama a 1941 da shi aka yi kuma har yau tana aiki a cikin ruwan gishiri, sai dai kuɗinsa ya ninka na rodin gama-gari sau da yawa. Duk waɗannan kayan aiki na musamman ne, gada, bakin teku, tankin ruwa, injiniya ne ke rubuta su a zane. Mai gina gidan zama ba zai shigo shagonka yana nema ba, kai kuma jarinka ya kwanta, kuɗin da ya kamata ya juya sau da yawa a shekara ya zama kayan kallo.

Ni dai in ni ne, zan nemi inda ake samun su in san farashi da kwanakin kawowa, wanda ya zo da zanen injiniya ya ba da kafin alƙalami in kawo masa, ribata ba tare da na daskarar da ko kwabo ba. Ɗan abin da zan ware kuma rumfa ce da sikeli, sai biskit, wato 'yan tubalan kankare ko na roba da ake sa wa a ƙarƙashin rodi da gefensa su ba shi tazara. Ka ajiye masu milimita 20, 25, 40 da 50, duk wanda ya sayi rodi ka nuna masa ka ce ga abin da zai hana gininsa tsagewa, masu ɗaurin rodi da magina su za su riƙa turo maka mutane.

Ka fara da kiran ɗan kwangilar nan a satin nan kafin maganar ta bazu, ku sa ranar zuwa da injiniya, kuma ka tafi da tef ɗinka da duk rasit ɗin da ka iya samowa.