Tambaya da Amsa: Na'ura za ta iya nemo wa lauya hujja ba tare da ta yi masa ƙarya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sabuwar lauya ce, bara na gama makarantar horar da lauyoyi, yanzu ina aiki a wani ofishi a Kaduna. Maigidanmu ya hana mu taɓa ChatGPT a aikin ofis, ya ce maƙaryaci ne. To kwanan nan wasu 'yan talla suka zo mana da wata manhaja, suka ce tasu ba ta ƙarya, domin daga rumbun hukunce-hukuncen kotu take ɗebo amsarta. Me masu bincike suka gano game da irin wannan? Sannan a makaranta an taɓa ambata mana wasu manhajoji da aka cusa wa doka don su ba da fatawa kamar gwanin lauya. Ina suka kwana?

Amsa: Wa alaikumus salam Barista, Allah ya sa albarka a aikin. Maigidanki yana da gaskiya, 'yan tallan ma ba duka maganarsu ce shaci-faɗi ba. Sai dai abin da ya fi ba ni tsoro a wannan harka, babu wanda ya ambace shi a cikinsu.

Abin da ya firgita maigidanki sananne ne. A 2022 wani mutum mai suna Roberto Mata ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca ƙara, shari'ar ta je gaban wata kotun tarayya da ke New York, yana cewa keken rabon abinci ya buge shi a gwiwa a cikin jirgi. A 2023 lauyoyinsa suka shigar da takarda ɗauke da shari'o'in baya guda shida a matsayin madogara, kowace da sunanta da lambarta da maganganun alƙalai. Aka duba, babu ko ɗaya a duniya. ChatGPT ne ya ƙaga su. Abin dariya, lauyan ya koma ya tambayi manhajar ko shari'o'in na gaske ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. Mai shari'a Kevin Castel ya ci su tarar dala 5,000. Bai tsaya a Amurka ba: a 2025 babbar kotun Ingila ta duba wata takarda da aka samu 18 daga cikin madogara 45 da ke cikinta babu su, ta kuma ja kunnen lauyoyin ƙasar baki ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. ChatGPT da 'yan'uwansa aikinsu na asali shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Sun ga dubban sunayen shari'o'i, sun san yadda sunan shari'a yake kama, don haka in kin nemi ɗaya za su haɗa miki mai kyan gani. A asalin gininsu ba su da wani kundi da suke buɗewa su duba.

Maganin da aka fito da shi, wanda 'yan tallanku suke nufi, shi ne a haɗa ayyuka biyu. Da farko injin nema ya shiga rumbun hukunce-hukunce ya zaƙulo takardun da yake ganin sun shafi tambayar, sannan a miƙa wa mai iya zancen, wato manhaja irin ChatGPT, a ce ya rubuta amsa daga cikinsu kawai. Dabara ce mai kyau, kuma ta rage ƙagen sunaye sosai. Amma a 2024 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manyan manhajojin da ake sayar wa lauyoyin Amurka da tambayoyi sama da 200. Ta kamfanin LexisNexis ta ba da amsa mai ɓata a kusan tambaya ɗaya cikin shida, ta Westlaw kuwa kusan ɗaya cikin uku. Waɗannan fa su ne manyan gidaje, masu rumbunan da aka shekara hamsin ana tarawa: Lexis ta fara aiki a 1973, Westlaw a 1975.

Irin ɓatan ne ya kamata ki lura da shi. Sau da yawa shari'ar da aka kawo ta gaske ce, sunanta daidai, lambarta daidai, amma ba ta faɗi abin da aka jingina mata ba. Ko kuma ta faɗa, amma kotun sama ta riga ta soke ta. Ko maganar lauyan wani ɓangare ce aka ɗauka a matsayin hukuncin alƙali. A wurina wannan ya fi ƙagen suna haɗari. Shari'ar da babu ita, minti biyu ya isa ki gane babu ita. Wadda take nan amma aka ɗora mata abin da ba ta ce ba, sai kin zauna kin karanta ta tun daga fari.

Yanzu ga abin da na ce babu wanda ya ambata, kuma masana zaƙulo bayanai sun san shi tun kafin a haife ki.

Duk injin nema da ma'auni biyu ake auna shi. Ki ɗauka masunci ne ya jefa taru. Tambaya ta farko: cikin abin da ya jawo, nawa ne kifi, nawa ne shara? Ta biyu: cikin kifin da ke tafkin, nawa ya kamo? Ta farko kowa na iya amsawa, ai ga shi a gabanka. Ta biyu ba mai iya amsawa sai wanda ya tsane tafkin.

A 1985 David Blair da M. E. Maron suka wallafa sakamakon wani gwaji da har yau ake koyar da shi. Sun yi aiki da lauyoyin da ke shirin wata babbar shari'a mai takardu kusan 40,000, shafuka kusan 350,000, duk an zuba su a wani injin nema na kamfanin IBM mai suna STAIRS. Aka ce wa lauyoyin su yi ta nema har sai sun gamsu cewa sun samo kashi 75 cikin ɗari na takardun da suka shafi kowace tambaya. Suka yi, suka ce sun gamsu. Da masu binciken suka bi diddigi, sai ga shi abin da aka samo bai wuce kashi 20 ba. Abin da injin ya kawo musu kuwa mai kyau ne, kusan kashi 80 nasa ya dace da tambayar, shi ya sa hankalinsu ya kwanta. Tarun ya zo da kifi zalla, suka ɗauka tafkin ya ƙare.

Me ya jawo? Harshe. Lauya yana neman kalmar da ke nufin hatsari, alhali masu rubuta wasiƙun wani ya ce "abin da ya faru", wani ya ce "matsalar nan", wani ya ce "lamarin". Wanda yake jin laifi a wuyansa ba ya kiran abu da sunansa. Mu ma mun san wannan. Ki nemi "saki" a bayanan wata kotu, za ki rasa takardar da ta ce "ya shika ta", da wadda ta ce "aure ya mutu", da wadda ta ce "ya ba ta takardarta", da wadda aka rubuta kul'i. Ki nemi "gado" kuma, injin ba ya jin karin sauti, zai kawo miki na mamaci da na kwanciya a kwando ɗaya. Ga kuma mai buga takarda da ya rubuta "kara" a wurin "ƙara" domin allon kwamfutarsa ba shi da harafi mai lanƙwasa.

Injinan yau sun fi na 1985 nesa ba kusa ba. Ba sa tsayawa kan daidaiton haruffa, suna mai da jimla jerin lambobi ta yadda maganganu masu ma'ana ɗaya za su faɗa kusa da juna. An ma nuna cewa wajen tace tarin takardu, na'urar da lauya ya horar da misalai tana iya kamo abin da ya kai ko ya fi na mutane masu bi ɗaya bayan ɗaya. Maura Grossman da Gordon Cormack sun nuna haka a 2011, kuma a 2012 wani alƙali a New York, Andrew Peck, ya amince a yi amfani da hanyar. Amma kusancin ma'ana daban, dacewa a shari'a daban. Shari'o'i biyu na iya zama duk kan filin gado, da kalmomi iri ɗaya, amma ɗaya ta tsaya kan hurumin kotu, ɗaya kan shaida. Wata kuma kan kwangilar siminti take, amma a cikinta ne ƙa'idar da kike buƙata take kwance. Tun 2014 ake wata gasa ta shekara-shekara mai suna COLIEE, inda masu bincike ke gwada injinansu a kan shari'o'in kotun tarayyar Kanada da dokar farar hula ta Japan, kuma gano shari'ar da ta dace a kafa hujja da ita na nan cikin ayyuka masu wuya. To idan injin nema ya tsallake hukuncin Kotun Ƙoli da ya rushe hujjarki, mai iya zancen ba zai ce miki akwai giɓi ba. Zai tsara miki amsa sumul daga abin da aka miƙa masa, ki shiga kotu da ita, abokin karawarki ya miƙe da wancan hukuncin a hannu.

Sai tambayarki ta biyu. Waɗancan manhajoji ba su mutu ba, sun dai gane iyakarsu. A 1977 Thorne McCarty ya fito da TAXMAN, wadda ke nazarin wani yanki na dokar harajin kamfanoni a Amurka. Wadda ta fi suna ita ce ta 1986, lokacin da Marek Sergot da Robert Kowalski da abokan aikinsu a Kwalejin Imperial ta Landan suka mai da dokar zama ɗan ƙasar Birtaniya ta 1981 jerin sharuɗɗa a harshen kwamfuta na Prolog. Inda doka ta ce wanda aka haifa a Birtaniya bayan dokar ta fara aiki ɗan ƙasa ne muddin uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne ko mazauni na dindindin, na'ura ta yi aiki tsaf. Da aka iso inda ake bukatar mai neman zama ɗan ƙasa ya kasance mai halin kirki, sai ta juyo ta tambayi mutum: shin yana da halin kirki? Wato daidai wurin da ake biyan lauya kuɗi, nan ta miƙa wuya.

Muna da misalin da ya fi wannan kusa. Lissafin rabon gado tsari ne na sharuɗɗa tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, kuma manhajar waya na iya yin sa ba kuskure in an gina ta da kyau. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Mata sumuni (ɗaya bisa takwas), 'ya'ya sulusi biyu (biyu bisa uku), iyaye kowa sudusi (ɗaya bisa shida). A kan asalin 24 kason ya zama 3 da 16 da 4 da 4, jimla 27, ya haura dukiyar. Sai a yi auli, a raba a kan 27, sumunin matar ya koma tusu'i, wato ɗaya bisa tara. Na'ura ba ta gajiya da irin wannan. Amma ke da kike zuwa kotu kin san rigimar gado ba kasafai take kan lissafi ba. Gidan nan na mamacin ne, ko ya riga ya kyautar da shi kuma an karɓa tun yana da rai? Matar nan iddarta ta cika kafin rasuwar ko ba ta cika ba? Bashin da wancan ɗan'uwan yake da'awa, ina shaidunsa? Duk wannan aikin alƙali ne da shaidu. Shi ya sa zuriyar waɗancan manhajoji yau tana zaune a inda doka ta zama lissafi: haraji, fansho, tantance wanda ya cancanci tallafi. Wasu masu binciken, irin su Kevin Ashley da Edwina Rissland da manhajarsu HYPO, sun bi ta wata hanya, suka koya wa na'ura kwatanta shari'a da shari'a tana kawo hujjar kowane ɓangare. Tunani ne mai zurfi, amma kowace shari'a sai mutum ya zauna ya fayyace mata da hannu, shi ya sa bai yaɗu a kasuwa ba.

Akwai wani ƙarin ciwo da ya shafe mu. Injin nema ba ya kamo abin da ba a zuba a rumbunsa ba. Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara ana buga su, tun daga rahoton mako-mako da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985 har zuwa rumbunan intanet na yau. Amma bayanan kotunan ƙasa, musamman kotunan shari'ar Musulunci da ake rubuta zamansu da Hausa ana kafa hujja da Larabcin littattafan fiƙihu irin su Muhtasar da Tuhfa, mafi yawansu suna cikin fayil a kan kanta. Binciken nema da Hausa ma sabo ne. A 2023 ne aka shirya wata gasa mai suna CIRAL don neman rubutun Hausa, Yarbanci, Suwahili da Somaliyanci da tambayar Turanci, ita ma a kan labaran jarida aka yi ta, ba takardun kotu ba.

In ni ne maigidanki, ba zan hana ba, ba kuma zan saya da jin baki ba. Zan ɗauko fayil goma na shari'o'in da ofis ya riga ya gama, waɗanda muka san madogararsu ciki da bai, in sa ki yi wa manhajar tambayoyin da muka yi wa kanmu a lokacin. Ki ƙirga abu uku: shari'o'i nawa ta kawo da babu su, nawa ta kawo na gaske amma ta ɗora musu abin da ba su ce ba, sannan nawa daga cikin waɗanda muka ci shari'ar da su ta tsallake. Ki saka mata tambaya ɗaya mai tarko, wadda aka gina kan hukuncin da kin san an soke, ki ga ko za ta gyara miki ko za ta bi ki. Sannan ki tambayi ɗan tallan, a rubuce, kotunan da ke cikin rumbunsu, daga wace shekara zuwa wace, da kuma inda bayanan wanda kike karewa suke tafiya bayan kin buga su a manhajar.