Tambaya da Amsa: Shiga Tseren Motoci da Ƙaramin Jari

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun ina yaro nake sha'awar tseren motoci, amma samuna bai taka kara ya karya ba. Wace mota ya kamata in fara saya? Daga wani matashi ma'aikaci.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dakata da sayen mota tukuna. Fara neman kulob ɗin masu tsere da ke da rajista. Hukumar FIA mai kula da tseren motoci a duniya, wadda aka kafa a 1904, tana da wakiliya a yawancin ƙasashe, kuma wakiliyar ce ke ba da lasisi, ita ce ta san kulob-kulob na gaskiya. Karɓi littafin dokokin gasar da kake so, ka karanta shi tsaf. An raba motoci aji-aji gwargwadon girman inji da sauye-sauyen da aka yi musu, don haka wanda ya riga ya sayi mota ya yi mata gyare-gyare kan iske an jefa shi ajin masu kuɗi, inda ba zai taɓa kai labari ba.

Hanya mafi araha ita ce otokuros. Ana jera robobin alama a fili mai kwalta, mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, agogo ne abokin karawarka. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti ɗaya ba, galibi a giya ta biyu, kuma motar da kake zuwa aiki da ita ta isa. Idan ka ture roba a ƙara maka lokaci, a Amurka sakan 2 ne kan kowace ɗaya. Kafin ma ka shiga, ba da kanka aikin sa-kai cikin masu ɗaga tuta a bakin hanya. Ba ka biyan ko sisi, za ka koyi ma'anar tutoci, ka ga inda direbobi ke kuskure, ka kuma san mutanen da za su gaya maka gaskiya a kan motar da ake sayarwa.

In lokacin saye ya yi, nemi motar da kayanta suka cika kasuwa: Honda Civic, Toyota Yaris, Peugeot 206, Volkswagen Golf ko Mazda MX-5. Shawararmu ita ce kada kuɗin motar ya wuce rabin abin da ka tanada. Sauran na taya ne da birki da mai da kuɗin shiga gasa, waɗanda ba sa ƙarewa.

Tambaya: Ina da ƙaramar mota mai inji lita 1.6. Abokina ya ce in sa mata turbo da babbar salansa kafin in kai ta filin tsere. Me kuka gani?

Amsa: Ba mu goyi bayan abokinka ba. Abin da ke fara gazawa a fili birki ne, kuma a nan muke so ka kashe kuɗinka na farko.

Man birki yana shan danshin iska a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin salshiyos, amma idan ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin ɗari, mizaninsa kan sauko zuwa 155. DOT 3 kuwa daga 205 yake sauka zuwa 140. A kan titi ba za ka lura ba, domin birkin na samun hutu. A fili kana taka shi da ƙarfi a kowace kwana, zafi ya taru, man ya tafasa ya yi kumfa. Ruwa ba ya matsuwa, tururi kuwa yana matsuwa, shi ya sa za ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa motar ba ta tsaya ba. Maganin ba shi da tsada: a zubar da tsohon man gaba ɗaya, a zuba sabon DOT 4 mai jure zafi ko DOT 5.1 daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Lita ɗaya ta ishi ƙaramar mota. A fitar da iska ana farawa daga tayar da ta fi nisa da tukunyar man, sai dai in littafin motar ya faɗi wani tsari. Kula da kyau, DOT 5 daban yake da DOT 5.1. Na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran.

Akwai matsala ta biyu da ake rikitawa da wannan. Idan birkin yana da tauri a ƙafa amma motar na ci gaba da tafiya, takalmin birkin ne ya yi zafi fiye da ƙarfinsa. Sa takalmi mai jure zafi a gaba, kuma kada ka shiga fili da wanda ya cinye fiye da rabi, domin siririn takalmi ya fi saurin kai zafi ga man. Bayan kowane zango ka yi zagaye ɗaya a hankali don faifan birki ya huce. In ka faka, bar motar a giya, kada ka ja birkin hannu, saboda takalmi kan manne wa ƙarfe mai zafi ya bar masa tabo, daga nan sai karkarwa.

Sai baƙin mai. Cika shi zuwa layin sama na sandar awo. A doguwar kwana man kan taru gefe guda, famfo ya zuƙi iska, kuma 'yan sakanni ba mai sun isa su lalata metal ɗin inji. Duba lagireto da robobinsa, ɗaure batir da ƙarfe, girgiza kowace taya ka ji ko boris ko tayarod na wasa, ka kwashe duk tarkacen cikin mota har da shimfiɗar ƙafa. Notocin taya a ɗaure su da sifana mai awo, yawancin ƙananan motoci tsakanin Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 100 zuwa 120 ne, amma bi littafin taka.

Turbo na ƙara zafi, yana cin kuloci, yana kuma canza maka aji. Kuɗinsa zai biya maka kwanaki da yawa a fili tare da mai koyarwa a gefenka, kuma wannan ne zai rage maka lokaci.

Tambaya: Zan iya amfani da tayoyin hannu?

Amsa: Za ka iya, in ka iya karanta su. A jikin taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Wadda ta haura shekara biyar ko shida robarta ta bushe, ko da zanenta na nan. Guji mai kumburi ko faci a gefe. Iska kuma a auna ta da zafinta, da zarar ka fito, domin a doguwar hanyar tsere takan hau da psi (ma'aunin iskar taya) 4 zuwa 6, wani lokaci fiye. A otokuros kuwa ana ƙara psi 3 zuwa 5 a kan na kullum don kada taya ta kwanta a gefenta. Shafa alli a kafaɗar tayar. In ka dawo ka ga allin ya goge har gefe, ƙara iska.

Tambaya: Ina da hular kwano ta babur, kuma na ga bel mai igiya huɗu da araha. Sun wadatar?

Amsa: Wasu kulob na karɓar hular babur a otokuros, amma a gasar da motoci ke gogayya ana neman mai tambarin inganci na Snell SA2020 ko FIA 8859, domin cikinta ba ya saurin kama wuta. Kada ka sayi hula ta hannu. Soson cikinta sau ɗaya yake aiki, kuma ba a ganin lalacewarsa daga waje.

Bel ɗin nan kuwa muna roƙonka ka bar shi. Mai igiya huɗu ba shi da igiyar tsakanin ƙafafu, sai jiki ya zame ta ƙarƙashinsa a karo, igiyar ƙugu ta hau ciki. Idan kuma aka ɗaure igiyoyin kafaɗa a ƙasan mota, suna danne ƙashin baya. Ka'ida ita ce su tafi baya a miƙe, ko su sunkuya da bai wuce digiri 20 ba. Sannan bel ɗin tsere na riƙe ka a zaune cak, in mota ta kife ba kejin ƙarfe, rufin zai sauko a kanka. Keji da kujerar tsere da bel mai igiya biyar ko shida da abin tallafar wuya na HANS tare suke aiki. Babbar gasar Formula 1 ta wajabta HANS a 2003, bayan karayar gindin ƙoƙon kai ta kashe direbobi irin su Dale Earnhardt a filin tseren Daytona na Amurka a 2001. In ba ka da halin sayensu duka, bel ɗin da motar ta zo da shi ya fi maka aminci.

Tambaya: 'Yata mai shekara tara ta nace tana son tuƙin ƙananan motocin kat. Ni ba mai ƙarfi ba ne. Daga wani uba.

Amsa: Malam, Allah ya raya ta. Da kat Ayrton Senna, zakaran Formula 1, ya fara, Lewis Hamilton ma, wani zakaran, yana ɗan shekara takwas ya fara. Ka soma da na haya na wasu watanni, ka ga ko sha'awar za ta ɗore. In za ka saya, nemi ajin inji mai bugu huɗu da aka rufe da hatimi, irin Briggs & Stratton LO206, wanda ake rage wa ƙarfi don yara. Ba a yarda a buɗe shi ba, don haka mai kuɗi ba zai sayi gudu ba, kuma yana daɗewa. Inji mai bugu biyu ya fi gudu, amma kullum yana neman sabon fistin.

Kat na hannu a kifa shi a duba ƙarƙashi. Bututun da ya goge ya zama fale-fale ya gama aiki. Nemi tsaga a wuraren walda, auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, in awon bai zo ɗaya ba shasin ya karkace. Kat ba shi da abin raba gudu tsakanin tayoyin baya, sai shasin ya lanƙwasa tayar ciki ta ɗan ɗaga kafin ya sha kwana, shi ya sa karkataccen shasi ba ya gyaruwa da saiti. Saya mata hular yara mai tambarin CMR, wadda ta fi sauƙi a wuya, da rigar kare haƙarƙari. A tufke gashi a cusa cikin hula, kuma kada wani ƙyalle ya yi lilo, domin sandar baya da sarƙa a buɗe suke juyawa.

Tambaya: Inshorar motata za ta biya idan na yi karo a fili?

Amsa: Kusan dukkan inshorar titi ta cire tsere da gwajin gudu daga abin da take biya. Karanta takardarka, ka tambayi kamfanin a rubuce. Akwai inshorar yini ɗaya a wasu ƙasashe, amma takan bar maka kaso mai yawa na gyara. Ka kuma tanadi kuɗin janwe tun kafin ka bar gida.