Tambaya da Amsa: Ɗan koren tsuntsu a bakin gonar dawa

Tambaya: Malam, ni manomi ne a Maiwurno, kusa da Sennar a ƙasar Sudan. Dawata ta fara nuna, sai ga wasu ƙananan tsuntsaye kore-kore a kan bagaruwar bakin gona. Mai maganin ƙwari a kasuwa ya ce 'ya'yan janbaki ne, in yi wa itatuwan feshi kafin su cinye ni. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ka dubi bakinsa. Na janbaki, wanda Larabawan nan ke kira zarzur, gajere ne mai kauri, na fasa ƙwaya. Na wannan kuwa siriri ne kamar allura. Bayansa kore mai duhu, ƙirjinsa rawaya-rawaya, ga ɗan zane mai haske a saman ido kamar gira. Turawa na ce masa willow warbler. Tsawonsa kamar santimita 11, nauyinsa wajen giram 9. A Turai da Sibiriya yake ƙyanƙyasa, yana ratsa Sudan a Satumba da Oktoba zuwa kudu, ya koma ta nan a Maris da Afrilu. Wasu kan yi fiye da kilomita 12,000. Tsaya ka kalle shi: ɗai-ɗai yake bin reshe, yana leƙa ƙarƙashin ganye, yana tsintar tsutsa da gizo-gizo da ƙananan ƙudaje. Ba ruwansa da zangarniya. Janbaki kuwa dubu-dubu yake sauka, kamar hayaƙi.

Maganar feshin ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai na ji ta: wai kowane ƙaramin tsuntsu ɓarawon hatsi ne. Su wa ke yaɗa ta? Masu zuba guba a tsohuwar robar ruwa, babu takarda, babu suna, su ce murfi biyu ya isa. Irin wannan guba ta fata ma tana shiga jiki, ba sai an sha ba. Na taɓa tarar da yara sun tsinci gawar tsuntsaye a gindin itace bayan feshi, har sun hura wuta za su gasa. Awaki su ci 'ya'yan bagaruwar, iska ta kai sauran bakin kogi inda mata ke ɗibar ruwa. Ka kashe mai cinye maka tsutsa kyauta, ka jefa iyalinka cikin haɗari, janbakin kuma yana can yana kwana a wani daji. Haba jama'a, mu ji tsoron Allah!

In ka ga garken janbaki na gaske, ka gano inda suke kwana, ka sanar da ma'aikatan kare amfanin gona. Kafin su zo, yara su hau rumfa da gwangwani da majajjawa, safe da yamma.