Ga ƙaninmu mai tambayar kyamara: Canon, Nikon ko Sony?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Yanzu na shigo na tarar da saƙonni sun haura ɗari, duk a kan tambayar da ƙaninmu ya yi da safe, cewa ya tara 'yan kuɗinsa yana so ya fara ɗaukar hoton biki da suna, wane kamfani zai saya. Na ga wasu sun ce Sony ko ya haƙura, wasu sun ce Canon, har an fara ɗaga wa juna murya. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi magana. A yi haƙuri, muryar za ta ɗan ja.

Ƙanena, abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, ranar da ka sayi kyamara, gida ka shiga. Kowane kamfani da irin bakinsa inda ake ɗaura lensi. Lensin Nikon ba ya hawa Canon, batirin Canon ba ya shiga Sony, hatta filasha ta Godox ɗin nan da duk muke amfani da ita, in ka duba ƙarshen sunanta za ka ga C ko N ko S, wato kowace da gidanta. Ita kyamarar, bayan shekara huɗu ko biyar za ka canja ta. Lensi kuwa yana nan tare da kai shekara goma, har fiye. To ka ga ashe tambayar ita ce, wane gida ne in ka shiga ba za ka zauna kai kaɗai ba?

Ka leƙa garinku. Wanda kake bi aiki, me yake riƙewa? Masu ba da hayar kaya, wane lensi ne a kantarsu? Mai gyara, wacce ya saba buɗewa? A wajenmu nan Canon ta fi yawa a hannun masu hoton biki, wannan kowa a zauren nan shaida ne. Amfanin haka, ranar da batirinka ya mutu ana tsakiyar kamu, ka waiga ka ce wa na kusa da kai ya ba ka aro. Batirin nan LP-E6 shi ne a 5D Mark II da Mark III, shi ne a 6D, shi ne a 70D da 80D da 90D, har R6 tana karɓarsa. Wallahi wannan kaɗai ya sha fitar da ni kunya. In kuma ubangidanka ɗan Nikon ne, yana da lensi uku huɗu da zai riƙa ara maka, to ka sayi Nikon ka huta, kada surutun zaure ya ɗauke maka hankali.

Yauwa. Bari in ɗan taɓa kowanne yadda na san shi.

Canon tun 1987 suka fito da bakin EF, suka yi shekara talatin da wani abu suna zuba lensi a kansa. Shi ya sa na hannu ya cika kasuwa, kuma kuɗinsa da sauƙi. A 2018 suka koma sabon baki, RF, na kyamara marar madubi, amma da adafta, wato zoben da ke haɗa tsohon baki da sabo, duk tsofaffin lensin EF suna aiki a kai lafiya lau. Wato in ka fara yau da tsohuwar DSLR, irin mai madubi a ciki, gobe Allah ya buɗa ka sayi R6 mai bakin RF, lensinka bai zama asara ba. Sai dai ga gargaɗi, don na ga wani ya turo hoton M50 yana cewa ga araha. Kyamarar tana da kyau, ban ce ba ta da shi ba, amma bakinta EF-M ne, Canon ta bar wannan layin, kuma lensinsa ba ya hawa RF. In ka tara kaya a can, ranar tashi sai dai ka bar su a baya.

Nikon kuma, ni a ganina an fi zaluntarta a zauren nan. D750 da ta fito a 2014, har gobe in ka ba ni ita in shiga ɗakin taro mai duhu, ba na fargaba. Ramin memori biyu gare ta, batirinta yana haura hoto dubu kafin ya nemi caji, kuma in hoto ya yi duhu ka zo ɗaga shi a kwamfuta, tana jurewa sosai. Abin da za ka kula da shi, ƙananansu irin D3500 da D5600 ba su da injin juya fokas a jikinsu, saboda haka tsofaffin lensin nan masu harafin D, in ka ɗaura, da hannu za ka riƙa juyawa. Ka nemi lensi mai rubutun AF-S, shi injinsa a cikinsa yake.

Sony su suka riga Canon da Nikon fito da babbar sensa, wato farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto, a kyamara marar madubi, a 2013, da A7. Wadda ta ja hankalin masu biki ita ce A7 III ta 2018, don ta zo da babban batir, da ramin memori biyu, da fokas mai bin ido. Amarya tana tafiya tana juyi, kyamarar tana riƙe da idonta. Kuma Sigma da Tamron suna yi mata lensi mai sauƙin kuɗi, kamar Tamron 28-75 ɗin nan. In rabin aikinka bidiyo ne, gaskiya Sony ta fi tsofaffin DSLR nesa ba kusa ba, sai dai yawancin waɗancan, har da ita A7 III ɗin kanta, ba sa cika minti 30 sai su yanke, ga waliyyi yana tsakiyar magana. Amma ka sani, A7 da A7 II da suka gabaci A7 III, da su A6000 da A6400, ƙaramin batir gare su, sai ka cika aljihu da guda uku huɗu. A ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi, wannan abin lissafi ne.

Fujifilm da Panasonic kayan kirki ne, masu bidiyo sun san darajar GH5. Ni dai ba zan tura mai farawa can ba, don in abu ya lalace ko ya nemi aro, zai sha yawo.

To yanzu ga inda na fi so ka saurare ni da kyau, maganar rabon kuɗin. Kuskuren da yaranmu suke yi, su kwashe kuɗin kaf su zuba a jikin kyamara, su dawo da ɗan lensin da ake haɗowa da ita, 18-55, ba filasha, batir ɗaya, memori ɗaya. Sai a je wajen dina, fitilu ja da shuɗi suna yawo, amarya ta sha leshi mai ƙyalli, ango cikin farar shadda, hoto ya fito fuska baƙi ƙirin kaya kuma fari fat. Sai yaro ya dawo yana cewa kamfanin ne ba shi da kyau. Alhali haske ne bai ishe shi ba. Fatarmu tana son haske mai laushi, wanda aka bugo daga silin ko daga lema, kuma tana son ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, don ka samu abin gyarawa. Masu cewa kalar Canon ta fi dacewa da fatarmu, na yarda tana da daɗin ido tun daga cikin kyamara, amma na ga hoton Nikon da na Sony da aka haska da kyau, in ba a faɗa maka ba, ba za ka bambance ba.

Ni da kuɗin a hannuna suke, rabi kawai zan ba jikin kyamara. Ragowar in sayi lensi 50mm f/1.8, wanda kowane kamfani yana da shi kuma yana cikin mafi araha, da filasha ɗaya, da batir biyu, da memori biyu na asali. Amma ka lura, in kyamararka mai ƙaramar sensa ce, irin 700D ko 80D, wannan 50 ɗin zai koma kamar 80, don Canon ana ninkawa da 1.6, Nikon da Sony kuma 1.5. A ɗakin amarya, ga gado ga kujeru ga ƙawaye goma, za ka ja baya har ka jingina da bango ba ka ɗauke su duka ba. A nan 17-50 f/2.8 na Sigma ko Tamron ya fi yi maka amfani.

Maganar megafiksel kuma ka ajiye ta gefe. 5D Mark III 22 gare ta, D750 da A7 III 24, kuma da su aka wanke manyan hotunan da ke rataye a falukan mutane.

Ramin memori biyu da nake ta maimaitawa, dalili gare ni. Shekarun baya na ɗauki wani ɗaurin aure da kyamara mai rami ɗaya, na dawo gida na sa memori a kwamfuta, ta ce babu komai. Na kwana ban runtsa ba. An samo wasu, wasu sun tafi har abada, ciki har da hoton ango da mahaifinsa, kuma dattijon bai ƙara shekara ba Allah ya yi masa rasuwa. Har yau in na haɗu da mutumin nan sai na ji nauyi a ƙirjina, ko da yake ya ce ya yafe. Biki ba a maimaita shi. Saboda haka in ƙarfinka ya kai 5D Mark III ko D750 ko A7 III, ka sa ta riƙa rubutawa a memori biyu lokaci guda. In bai kai ba, 6D ma tana aiki, rami ɗaya ne, sai ka riƙa canja memori tsakanin kamu da dina, kada ka tara ƙwanka a kwando ɗaya da sunan babban memori.

Kusan na tabbata ta hannu za ka saya, kuma babu aibi, yawancinmu da ita muka fara. Amma dan Allah kada ka tura kuɗi don ka ga hoto a Instagram. Ka je da ƙafarka, ka tafi da wanda ya sani. A duba adadin hoton da ta ɗauka tun fitowarta. Su 5D Mark III da D750 an ƙiyasta musu wajen 150,000, to in ka ga ta kusa can, ka san akwai kuɗin gyara a gabanka, a rage maka. Nikon da Sony ana ganin adadin daga cikin fayil ɗin hoton, Canon kuwa yawanci sai an jona ta da kwamfuta. Ka sa ta a f/16, wato ka tsuke ƙofar hasken lensi, ka ɗauki farin bango, duk dattin da ke kan sensa zai fito. Ka cire lensi ka haska shi da fitilar waya, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, ajiye musu kayansu. Ka gwada kowane maɓalli, ka ɗaura filasha ka ga tana tashi, ka ɗauki bidiyo na minti goma ka ji ko tana zafi.

Sai ƙura. Mu da muke da hunturu, marar madubi tana son kula, don da ka cire lensi sensa a fili take. Kada ka canja lensi a filin hawa dawakai suna tada ƙura, ka shiga mota ko ka juya bakin ƙasa ka yi sauri. Ka sayi 'yar robar hura iskar nan, kada ka hura da baki, kada ka sa gefen riga. Da damina kuma kada ka kulle kaya a jaka mako guda, danshi ne ke kawo fumfunar.

In ka matsa min sai na faɗi ɗaya, tunda hoto ne aikinka kuma a nan kake zaune, ni Canon zan ce, 5D Mark III mai lafiya ko 6D, saboda aro da gyara da arahar lensi. In ka san bidiyo zai rinjaya, ka ƙara haƙurin wata biyu uku ka cika kuɗin A7 III.

Ka turo min ta gefe nawa ne a hannunka, da abin da ubangidanka yake riƙewa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu ina da aikin suna da safe, ka zo ka riƙe tawa ka ji nauyinta a hannunka, in mun tashi sai mu wuce kasuwa tare. An kira magariba, sai anjima. Wassalamu alaikum.