Ƙarin hadis na biyu ba zai taɓa Windows ɗinka ba

Malam, ka ce ka sayo hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanan kwamfuta) mai 1TB kana tsoron kada ya share maka Windows. Kwantar da hankalinka, kowanne da harkarsa.

Kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga soket, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki. Waya biyu kawai hadis ɗin yake buƙata: siririyar SATA da za ta tafi kan madabod (babban allon da ke cikin kwamfutar), sai mai faɗin baki da ta fito daga akwatin wuta (power supply) na cikin kwamfutar. Bakinsu kamar harafin L yake, in ya ƙi shiga, juya shi, kada ka danna da ƙarfi. Sau da yawa ba a haɗo siririyar da hadis, sai ka saya daban.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne bayan an kunna, sai su duba su ga babu shi. Yana nan. Buɗe Disk Management (wurin sarrafa hadis a cikin Windows), ka zaɓi GPT (tsarin raba hadis), sannan New Simple Volume, ka yi masa fomat da NTFS (tsarin ajiyar fayil na Windows). Zai nuna maka wajen 931GB, ba cutarka aka yi ba, bambancin lissafi ne.

Amma fa in na hannu ne mai kayanka a ciki, kada ka yarda da fomat, zai share komai.